Salsalar allolin Girkawa: me ya sa layukan ke harɗewa?

Zainabu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu ilimin tarihin Girkawan dā ce. Duk wanda ya zauna zai zana salsalar allolinsu a takarda ɗaya, wane ya haifi wane, wace ce uwar wane, ba ya nisa layukan sun harɗe. Afrodit, nan a ce 'yar Ziyus ce, can a ce ta girme shi. Sarfidon uwa biyu ake ba shi. Helen ma haka. Kuskuren masu fassara ne, ko dama can haka abin yake? Kuma ta ina ya kamata a fara?

Malam Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Dama can haka yake, Zainabu. Girkawa ba su da littafi guda da kowa ya yi ittifaƙi a kansa. Labarin a bakin mawaƙa yake, kowane gari kuma da tasa ruwayar. Hirodotus, masanin tarihinsu na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, da kansa ya ce mawaƙa biyu, Homa da Hesiyod, su ne suka tsara wa Girkawa salsalar alloli, suka raba musu laƙabi da ayyuka. To su biyun ma ba su daidaita ba.

Ki fara da Hesiyod. Waƙarsa Tiyogoniya, wato haihuwar alloli, layi dubu ce da 'yan kai, an yi ta wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya. Kusa da ƙarshenta ya jero matan Ziyus, sarkin allolinsu, su bakwai bi da bi. Ta fari Metis, wadda ta ɗauki cikin Atina. Sai Temis, ta haifi shida: Horai uku da Moirai uku. Sai Yurinomi, uwar Karites uku. Sai Dimita, uwar Farsifoni. Sai Nimosini, dare tara ya yi da ita ta haifi Musai tara. Sai Lito, uwar Afolo da Artemis. Hera ce ta ƙarshe, ta haifi Hibi da Ares da Ilitiya. In kin ƙirga, 'ya'ya 25 ke nan. Bayansu ya kawo Maya uwar Hamis, da Semeli uwar Diyonisus, da Alkimini uwar Hirakilis.

Amma ki lura, a cikin wannan waƙa ɗaya Moirai, masu saƙa ƙaddarar mutum, iyaye biyu gare su. A farkon waƙar 'ya'yan Dare ne, ita kaɗai ta haife su ba uba. A ƙarshenta kuma 'ya'yan Ziyus da Temis. Mawaƙi ɗaya, waƙa ɗaya.

Hajiya Rakiya: Malam, a ƙara mata da ma'anar sunayen, domin nan ne kan zancen. Metis dabara ce. Temis tsari ne da ƙa'ida, 'ya'yanta Horai kuwa sunayensu Kyakkyawar Doka, Adalci, da Zaman Lafiya. Nimosini Tunawa ce, ta haifi masu kula da waƙa, domin mawaƙin da bai san rubutu ba jarinsa hadda ne. Waɗannan aure-auren bayani ne kan sarauta: sabon sarki ya karɓi mulki, ga abin da mulkinsa ya haifar. Shi ya sa aka dawo da Moirai ƙarƙashin Ziyus a ƙarshe, don a nuna ƙaddara ma ta shigo gidansa.

Maganar Metis kuma tsoron magaji ne tsagwaronsa. Kuronos ya tumɓuke ubansa Uranos, Ziyus ya tumɓuke Kuronos. Aka gaya wa Ziyus cewa Metis, in ta haifi mace, na biye namiji ne da zai zama sarkin alloli da mutane. Sai ya haɗiye ta da cikin, Atina ta fito ta kansa, ɗa namijin kuwa ba a taɓa haifarsa ba. Haka ya sake faruwa da Tetis ta teku. Ziyus da Fosaidon mai mulkin teku duk suna nemanta, Temis ta ce ɗan da za ta haifa zai fi ubansa ƙarfi, sai duk suka janye, aka aurar da ita ga mutum, Feliyus. Ɗan shi ne Akilis.

Ishaya: Sannunku da ƙoƙari. Ga ɓangaren Homa. A kashi na 14 na Iliyad, waƙarsa ta yaƙin Taroi, Ziyus da bakinsa ya lissafa wa Hera matan da ya so: matar Iksiyon da ta haifi Firitus, Danaye uwar Farsiyus, 'yar Finiks uwar Minos da Radamantis, Semeli, Alkimini, Dimita, Lito. Babu Metis, babu Temis, babu Nimosini a ciki.

Afrodit da ƙanwarmu ta ambata: a wajen Hesiyod, Kuronos ya yanke gaban ubansa ya jefa a teku, kumfa ta taru, daga nan ta fito, ta bi ta tsibirin Kitira ta sauka Kubrus. Ke nan ta riga Ziyus zuwa duniya. A kashi na 5 na Iliyad kuwa 'yar Ziyus ce da Diyoni, wadda ake bauta wa tare da shi a Dodona. Su kansu Girkawa abin ya dame su, har aka kawo a wani littafin Aflatun cewa ai Afrodit biyu ce, ta sama da ta gama-gari.

Na Hifestus maƙeri ya fi wuya. Homa ya ce ɗan Ziyus da Hera ne. Hesiyod ya ce Hera ita kaɗai ta haife shi, don fushi, bayan fitowar Atina. To amma mawaƙi Findar ya ce Hifestus ne ya sara kan Ziyus da gatari Atina ta fito. In ka haɗa biyun, wanda ba a haifa ba tukuna ya yi unguwarzoma. Saboda haka wasu suka ce ai Furomitiyus ne ya riƙe gatarin. Matarsa ma uku ce: Karis a Iliyad, Agalaya a Tiyogoniya, Afrodit a kashi na 8 na Odisi, ɗaya waƙar Homa, inda Rana ya tsegunta masa tana tare da Ares, ya ƙera raga marar ganuwa ya kama su a gado.

Zainabu: Na gode ƙwarai. To Yaya Nasiru, kai da ka san aikin zane, yaya za a yi takardar ta karantu?

Nasiru: Ƙanwata, abin da ke ɓata aikin shi ne son takarda ɗaya. Kowane mawaƙi a ba shi tasa: ɗaya Hesiyod, ɗaya Homa, ɗaya Findar da masu wasan kwaikwayo na Atina, ɗaya kuma Afolodoros, wanda littafinsa na ƙarni na 1 ko na 2 Miladiyya ne. Shi mai tattarawa ne, yana yawan cewa "wasu kuwa sun ce", don haka da shi ake duba saɓani, ba da shi ake farawa ba. Obid Barume ne, ya gama waƙarsa ta rikiɗe-rikiɗe mai kashi 15 wajen shekara ta 8 Miladiyya, shekara ɗari bakwai bayan Hesiyod. A ware shi can gefe, da sunayensa na Rumawa, Jufita da Juno da Binus. Akwai abin da ke yawo a intanet da daga gare shi aka kwaso, aka liƙa wa sunayen Girka.

Na biyu, kada ki yi wa Ziyus akwati ɗaya kina jawo layuka daga gare shi. Rubuta sunansa sabo a gefen kowace mace. Dalili: a layin Hirakilis kaɗai sau uku yake shigowa. Shi ya haifi Ifafos ta wajen Iyo, shi ya haifi Farsiyus ta wajen Danaye, shi ya haifi Hirakilis ta wajen Alkimini, ita kuwa Alkimini jikar Farsiyus ce. In layi ɗaya kika ja, zai ratsa zuriya goma sha.

Na uku, a kula da masu suna ɗaya. Niyobi biyu ce: 'yar Foroniyus ta Argos, wadda aka ce ita ce mace ta farko cikin mutane da Ziyus ya kusanta, da 'yar Tantalos wadda Afolo da Artemis suka kashe wa 'ya'ya. Taliya akwai ta cikin Musai, akwai ta cikin Karites. Kowane suna a rubuta shi da na uba a gefe.

Sarfidon ki ɗauke shi a matsayin darasi. A Iliyad uwarsa Lawodamiya ce, 'yar Belerofon, kuma shi ke jagorantar mutanen Likiya a yaƙin Taroi. A wata ruwayar uwarsa Yurofa ce, ke nan ɗan'uwan Minos sarkin Kirit ne. Matsalar ita ce jikan Minos, Idomeniyus, yana cikin wannan yaƙin. Yaya ƙanen kaka zai fito fage tare da jika? Afolodoros ya ce Ziyus ya ba shi tsawon rai na zuriya uku. Diyodoros ya ce a'a, Sarfidon biyu ne, kaka da jika. Duk biyun faci ne da aka yi daga baya. A takardar Homa ki sa Lawodamiya, a ɗayar ki sa Yurofa, ki bar su haka.

Baba Audu: Ina biye da ku, kuma ina da magana biyu. Ta farko, a riƙa tunawa wannan addinin mutanen jahiliyyar wata ƙasa ne, shirka ce, tarihi muke karantawa ba aƙida ba. Ta biyu, kalmar "soyayya" da ake yawan sa wa waɗannan labarai ba ta kwanta mini ba. Wadda aka zo wa a siffar mijinta, ko aka sace ta a bakin teku, ina soyayya a nan?

Hajiya Rakiya: Baba, gaskiyarka a duka biyun. Ta farkon ma wasu Girkawa sun riga mu faɗa. Zinofanis na Kolofon, tun ƙarni na 6 kafin Miladiyya, ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa alloli duk abin kunya a wajen mutane: sata, zina, da yaudarar juna. Aflatun ya ce irin waɗannan labarai kada a koya wa yara su.

Ta biyun kuwa, a bi matan ɗaya bayan ɗaya a ga. Alkimini, Ziyus ya zo mata da kamannin mijinta Amfitiriyon yana can wajen yaƙi. Tiro, Fosaidon ya zo mata da siffar kogin da take so. Yurofa, bijimi ya zama, ta hau bayansa ya ƙetare teku da ita zuwa Kirit. Danaye ubanta ya kulle ta a ɗakin tagulla don an ce jikansa zai kashe shi, Ziyus ya shigo a matsayin yayyafin zinariya, da ta haihu uban ya sa ta a akwati da jaririn ya tura teku, sai wani masunci a tsibirin Serifos ya tsamo su. Iyo an mai da ita saniya, Hera ta sa mata mai gadi, daga baya ta sako mata bobuwa ta kore ta har Masar. Kalisto ta koma dabbar daji. Semeli, aka zuga ta ta roƙi Ziyus ya zo mata a ainihin siffarsa, tsawa ta ƙone ta, aka ciro ɗan tayin aka ɗinke a cinyar uban har watanninsa suka cika. Koronis tana ɗauke da cikin Afolo ta kula wani mutum, aka kashe ta, aka zaro Askilifiyos daga cikinta a kan wutar ƙona gawa.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne, mawaƙin da wuya ya tsaya ya tambayi ra'ayin matar. Idonsa na kan ɗan. A kashi na 11 na Odisi, Fosaidon ya gaya wa Tiro ta yi murna, kafin shekara ta zagayo za ta haifi 'ya'ya nagari, don kwanan alloli ba ya tashi a banza. Ta haifi Feliyas da Neliyus, ya koma teku, ita aka bari da sauran.

Malam Isuhu: Hajiya ta taɓo inda nake son zuwa. Idon na kan ɗan ne domin ɗan shi ne kakan gari ko na gidan sarauta. Yawan matan Ziyus yawan garuruwan Girka ne da kowanne ke son a ce daga sama tushensa yake. Arkas ɗan Kalisto kakan mutanen Arkadiya. Lakedaimon ɗan Taigeti na ƙasar Sfarta. Dardanos ɗan Ilektira na gidan Taroi. Ayakos ɗan Aigina na tsibirin Aigina, shi ne kakan Akilis. Akwai wata tsohuwar waƙa da ake jingina wa Hesiyod, Jerin Mata, aikinta ke nan kacokan, ɗinke waɗannan gidaje wuri ɗaya. Ba ta iso mana cikakkiya ba, guntayenta aka tono a takardun gargajiya na Masar, da yawa a Bahnasa.

Ku dubi layin Iyo, don ya shafi nahiyarmu. Ta haifi Ifafos a bakin Nilu, Hirodotus ya ce shi ne bijimin Afis na Masarawa. 'Yarsa Libiya ta haifa wa Fosaidon Belos da Agino. Belos ya haifi Aigiftos mai 'ya'ya maza 50 da Danawos mai 'ya'ya mata 50. Aka aurar da su ga juna, a daren aure mata 49 suka kashe mazansu, Hifamnestira kaɗai ta bar nata, Linkiyus. Daga su Abas, sai Akrisiyos, sai Danaye, sai Farsiyus, sai Ilektiriyon, sai Alkimini, sai Hirakilis. In an ƙirga har da Iyo, shi ne na 13, kuma haka wani wasan kwaikwayo na Atina kan Furomitiyus ya ƙirga. Ta ɓangaren Agino kuwa Yurofa da Kadmos na Finikiya. Da layi ɗaya an mai da Masar da Libiya da Finikiya dangin Argos.

Birnin Kirini, kusa da Shahhat a Libiya ta yau, mutanen tsibirin Tira suka kafa shi wajen 631 kafin Miladiyya. A 474 Findar ya yi wa wani ɗan birnin waƙar nasara, ya ce Afolo ya ga budurwa Kirini tana kokawa da zaki a Tesaliya, ya ɗauko ta a karusar zinariya ya kawo ta Libiya, ta haifi Aristayos. Ma'anar a fili take: ƙasar nan tun fil azal tamu ce, ba baƙi ba ne mu.

Wanda ya san labarin Bayajidda da Bawo da yadda aka mai da Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram 'yan gida ɗaya, ya san aikin da irin wannan salsala ke yi. Bambancin, a can kakan abin bautarsu ne, a nan baƙo ne ɗan Adam.

Ishaya: Kuma Malam, ba wasa suka ɗauki abin ba. Gidajen sarautar Sfarta biyu duk daga Hirakilis suke ƙirga kansu, Hirodotus ya jero kakannin Liyonidas, wanda ya mutu a Tamofilai a 480 kafin Miladiyya, suna bayan suna har zuwa gare shi. Iskandar na ɗaya na Makidoniya, da ya zo shiga wasannin Olimfiya aka ce ba Bagirke ba ne, sai da ya kafa hujja cewa gidansu daga Argos yake aka bar shi. Iskandar Mai Girma yana ƙirga Hirakilis ta wajen uba, Akilis ta wajen uwa, a 331 kuma ya ratsa hamada zuwa Siwa wajen bokan Amon, wanda Girkawa ke ɗauka Ziyus ne. Yuliyas Kaisar ya ce gidansu daga Iniyas ɗan Afrodit yake, a 46 kafin Miladiyya ya keɓe mata ɗakin bauta a Roma da sunan Binus Mahaifiya.

Har sauya uba ake yi in siyasa ta buƙata. A tsohuwar ruwaya Iyon, kakan Iyoniyawa, ɗan Zutos ne, mutum. Yurifidis mai rubuta wasan kwaikwayo, a lokacin yaƙin Atina da Sfarta, ya mai da shi ɗan Afolo ta wajen Kiriyusa gimbiyar Atina, ya bar Doros, kakan su Sfarta, a matsayin ƙanensa ɗan mutum.

Malam Ɗanlami: Akwai wanda aka ba kunya a kan wannan. Hekatayos na Miletos ya je Tibes ta Masar ya gaya wa firistoci cewa kakansa na 16 allah ne. Suka shigar da shi ɗakin bauta suka nuna masa mutum-mutumin katako 345 na manyan firistocinsu, kowanne ɗan na gabansa, suka ce duk cikinsu babu wanda allah ya haifa. Hirodotus ne ya kawo labarin a kashi na 2 na littafinsa.

Zainabu: To allolin mata fa? Su ma suna neman maza 'yan Adam?

Hajiya Rakiya: Suna yi, amma hukuncin ba ɗaya ba ne, kuma allahiya Kalifso ta yi ƙorafin haka a kashi na 5 na Odisi, ta ce alloli maza kishi suke in allahiya ta ɗauki mutum a fili. Ta kawo misali biyu. Dimita ta sadu da Iyasiyon a gonar da aka yi wa huɗa uku, Ziyus ya kashe shi da tsawa. Ɗansu, a wajen Hesiyod, Fulutos ne, wato Arziki, ma'anar kuwa manomi ya gane ta. Iyos, Alfijir, ta ɗauki Oriyon, Artemis ta harbe shi. Ita Iyos ɗin ta roƙa wa Titonos rai marar ƙarewa ta manta ba ta roƙa masa ƙuruciya ba, ya tsufa har ya kasa motsi, ta rufe shi a ɗaki. Ɗansu Memnon, sarkin Itiyofiyawa, Akilis ya kashe shi a Taroi. Afrodit kuwa Ziyus ne ya sa mata son Ankisis makiyayi a dutsen Ida, don ta daina alfahari da cewa ita ke haɗa alloli da mutane. Uku ne kawai aka ce Afrodit ba ta da iko a kansu: Atina, Artemis, Hestiya.

Ƙa'idar da za ki riƙe: in ɗaya cikin iyaye mutum ne, ɗan mai mutuwa ne. A kashi na 16 na Iliyad Ziyus ya so ya tsamo Sarfidon daga mutuwa, Hera ta ce in ya yi kowane allah zai tsamo nasa, ya haƙura. Diyonisus ya kuɓuta, shi da aka ƙarasa renon cikinsa a jikin uba. Hirakilis sai da ya mutu aka ɗauke shi sama aka aura masa Hibi.

Zainabu: Saura Helen da 'yan'uwanta tagwaye. Nan ne takardar ta fi baƙi.

Nasiru: Gida huɗu za ki yi mata. A Odisi, Kasto da Folidukis duk 'ya'yan Tindariyus ne, mijin uwarsu Lida, Helen kuwa a wajen Homa 'yar Ziyus ce. A wata ruwayar duka tagwayen na Ziyus ne, daga nan laƙabinsu Diyoskuroi, samarin Ziyus. A wajen Findar an raba: Folidukis na Ziyus, Kasto na Tindariyus, dare ɗaya uba biyu, kamar Hirakilis da tagwaininsa Ifikilis. Da Kasto ya mutu ɗan'uwan ya raba rayuwarsa da shi, yini a sama yini a ƙarƙashin ƙasa. Na huɗu, a wata tsohuwar waƙa mai suna Kifiriya uwar Helen Nemesis ce. Afolodoros ya kawo cewa ta rikiɗa ta zama dinya, ta yi ƙwai, makiyayi ya tsinta ya kai wa Lida ta rene shi. Fausaniyas, a ƙarni na 2 Miladiyya, ya ga ƙwai rataye da ƙyalle a rufin wani ɗakin bauta a Sfarta, mutanen garin suna cewa na Lida ne.

Malam Ɗanlami: Ki ƙara takarda ta biyar a gaban sauran, ƙarama. A fadar Filos an tono allunan yumɓu na wajen 1200 kafin Miladiyya, shekara ɗari biyar kafin Hesiyod. A ɗaya daga cikinsu an rubuta kyautar kwanukan zinariya ga Ziyus, da Hera, da wani Dirimiyos ɗan Ziyus. Babu shi a Homa, babu shi a Hesiyod, babu shi a Afolodoros. Ki rubuta sunansa ƙarƙashin Ziyus, gurbin uwa ki bar shi fari, don allon bai faɗe ta ba.